Tafiyar Ruwa Mai Zango-Zango: Daga Kudancin Faransa Zuwa Bakin Wasai

Sharhin yau a kan ruwa yake, da jirgin da ba ya gaggawa, da ƙauyukan da ke cin abinci a gaɓarsa.

Duk wanda ya tsaya bakin titin Haɗeja a Gezawa da hantsi ya san yadda tafiyar zamani take. Mota ta taso daga Yankaba ta nufi Gumel ko Haɗeja, direba na lissafin sawu nawa zai yi kafin magariba, fasinja ya duƙufa a kan waya. In an ci sa'a a rage gudu a daidai kasuwa, yara su rugo da rake da gyaɗa da ruwan leda, a miƙo kuɗi ta taga, mota ta ƙara wuta. Ƙauyukan da ke can cikin gonakin gero da dawa, nesa da kwalta, ko ƙurar matafiyin ba sa gani.

Dattawan Jogana sun san wata irin tafiya daban. Layin dogon da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930, jirgin kuma tsayawa yake yi tasha-tasha: Jogana, Ringim, Taura, Gagarawa, Malam Madori, Birniwa, kafin ya kai ƙarshen layi. Kowace tsayawa kasuwa ce ta 'yan mintoci. Mai fura ta sayar, mai dafaffen ƙwai ya sayar, ɗan dako ya samu na cefane. Da jirgin ya ja baya, wannan ciniki ya bi shi. Abin da ya ciyar da garuruwan nan shi ne tsayawar matafiyi, kuma akwai ƙasar da ta gane haka har ta mayar da tsayawar sana'a mai zaman kanta.

A kudancin Faransa akwai wani kanal da aka haƙa da hannu fiye da shekara 340 da suka wuce, sunansa Canal du Midi. Tsawonsa kilomita 240, kusan nisan Kano zuwa Kaduna. Ya taso daga birnin Toulouse ya yi gabas har tafkin Thau da ke bakin Bahar Rum, kusa da garin Sète. Manufar haƙa shi ita ce a haɗa Bahar Rum da kogin Garonne mai zuba a Tekun Atlantika, domin kaya su huta da doguwar kewayar ƙasar Sifen, inda 'yan fashin teku ke dakon jirage.

Mutumin da ya ɗauki wannan kaya a kansa, Pierre-Paul Riquet, ɗan garin Béziers ne, aikinsa karɓar harajin gishiri a lardin Languedoc. Tun kafin zamaninsa ake mafarkin wannan hanya, amma kowa ya zo sai ya cije a wuri guda: tsakiyar hanyar tudu ne, kuma kanal a kan tudu sai an samo masa ruwan da zai riƙa cika shi rani da damina. Riquet ya bi ƙoramun da ke gangarowa daga tsaunukan Montagne Noire, ya tsara ƙananan magudanai da za su tattaro su, ya gina madatsar Saint-Ferréol don ajiyar ruwa. Daga nan ruwan ke zuwa Naurouze, wuri mafi tudu a kan hanyar, mita 189 sama da teku, ya rabu biyu, wani ya yi yamma wani ya yi gabas.

Sarki Louis na 14 ya sa hannu a kan dokar aikin a watan Oktoba na 1666, bisa goyon bayan ministansa Colbert. A lokacin da aiki ya kankama, ma'aikata sun kai 12,000, maza da mata, da diga da shebur da kwando. Riquet ya yi abin da ba a saba gani ba a zamanin: yana biyan leburori har ranakun da ciwo ya kwantar da su da ranakun da ruwan sama ya hana fita. Ya zuba dukiyarsa a ciki, ya ci bashi mai nauyi, ya rasu a watan Oktoba na 1680, saura 'yan watanni a buɗe hanyar a watan Mayu na 1681. 'Ya'yansa sun shafe shekaru masu yawa suna biyan bashin.

To yaya jirgi ke hawa tudu? Ana gina ɗaki na dutse a tsakiyar kanal, da ƙofa a gaba da ƙofa a baya. Jirgi ya shiga, a rufe ta baya, a buɗe ƙananan kafofi a ta gaba, ruwan matakin da ke gaba ya kwararo ciki. Jirgin sai ya riƙa ɗagowa a hankali kamar ƙwaryar da aka sa a randa ana zuba ruwa. In ruwan ɗakin ya yi daidai da na gaba, a buɗe ƙofa, jirgi ya fita a sabon mataki. Mai gangarowa kuma a zuƙe ruwan ya sauka da shi. Irin waɗannan matakalu 63 ne a kan hanyar a yau. A Fonseranes, bakin Béziers, Riquet ya gina ɗakuna takwas a jere, masu ɗaga jirgi mita 21 cikin tazarar mita 300. A Malpas kuwa dutsen ya huda, jirgi na bi ta ƙarƙashin tudu tsawon fiye da mita 160.

Abin da ya fi dacewa da sharhin nan shi ne yadda aka tsara wuraren tsayawa tun daga farko. A wancan zamani akwai jirgin fasinja da wasiƙu wanda dawaki ke ja daga gaɓa, yana cin kwana huɗu daga Toulouse zuwa Agde. An yanka masa zango kamar yadda madugu ke yanka wa ayari: abincin rana a Négra, kwana a Castelnaudary, kwana na biyu a Trèbes, abincin rana a La Redorte, kwana na uku a Le Somail. A irin waɗannan wurare an gina masauki da bargar dawaki da ɗakin ibada. Le Somail kacokan ɗinsa kanal ne ya haife shi, domin matafiya ne suka kawo masu dafa abinci da maƙera da masu kula da dawaki. Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya bi wannan hanya a 1787 lokacin yana jakada a Faransa.

Kusan shekara 180 alkama da ruwan inabi da sauran kaya na bin kanal ɗin. Sai layin dogo ya haɗa Bordeaux da Sète a 1857. Shekara guda bayan haka aka ba kamfanin jirgin ƙasan hayar kanal ɗin na shekara 40, wato aka ba kura ajiyar nama. Kamfanin ya tsara kuɗin dako yadda kaya za su koma kan dogo. Gwamnati ta karɓe hanyar a 1898, amma ciniki bai dawo yadda yake ba, manyan motoci kuma suka zo suka ƙarasa abin da ya rage. Kafin ƙarshen shekarun 1980 jiragen kaya sun ɗauke ƙafa.

Masu yawon hutu ne suka cike gurbin. A 1991 Faransa ta kafa hukumar kula da hanyoyin ruwanta, Voies navigables de France, sannan a 1996 hukumar UNESCO ta sa kanal ɗin cikin jerin kayan tarihin duniya. A yau iyali kan yi hayar jirgi mai ɗakunan kwana da madafa da banɗaki na mako guda. Ba a neman lasisin tuƙi, kamfanin haya ne ke nuna wa mutum yadda zai sarrafa shi kafin a ba shi makulli. Doka ta hana wuce kilomita 8 a awa, domin igiyar ruwan da jirgi mai gudu ke tayarwa tana zaizaye gaɓa. Yaro a kan keke ya fi shi sauri. Matakalu da rana kawai suke aiki, masu kula da su kuma suna tashi cin abinci da tsakar rana, dole jirgi ya ɗaure ya jira.

A nan ribar ƙauye take. Mutumin da doka ta hana shi gudu, ƙofa ta tsare shi da rana, dare ya tsare shi a gaɓa, dole ya sauka ya taka ƙasa. Da safe ya nemi gidan burodi. Da rana ya shiga kasuwar ƙauye ya sayi tumatir da kankana da cuku. Da yamma ya ɗaure jirgi a Homps ko Capestang ya ci abinci a bakin ruwa. A Le Somail akwai wani tsohon sito da aka mayar kantin tsofaffin littattafai, dubun dubata a jere, akwai kuma jirgin da aka girke a gaɓa ya zama shagon kayan masarufi. Wasu gidajen masu kula da matakalu sun koma wuraren shan shayi da sayar da zuma. Garin Castelnaudary ya yi suna da wani abinci na farin wake da nama da ake gasawa a kaskon yumɓu, baƙi na tsayawa musamman dominsa. Manomin waken Gezawa zai iya lissafa bambancin buhun da aka loda wa mota a kan farashin dillali da waken da aka dafa aka sayar wa baƙo kwano-kwano a ƙofar gida.

Duk wannan yana da ɗawainiya. Kimanin bishiyoyi 42,000 masu inuwa ne suka yi layi a gaɓar kanal ɗin, saiwoyinsu na riƙe ƙasa. A 2006 aka gano wata cuta da ke kashe su, wadda ke yaɗuwa ta ruwa da ta raunin da igiya ko jikin jirgi ke yi wa saiwa. Babu magani sai sarewa da ƙonawa. An sare fiye da rabinsu, ana dasa wasu iri a madadinsu, da kuɗin hukuma da gudummawar jama'a. Duk hunturu ana rufe sassan hanyar, a janye ruwa, a kwashe laka, a gyara ƙofofi. Shekarar da fari ya yi tsanani kuma ana taƙaita buɗe matakalu, a tara jirage su wuce tare don a tsimi ruwa.

Ingila ma haka ta yi. Kanal ɗin Bridgewater da aka buɗe a 1761 ya karya farashin kwal a Manchester da kusan rabi, daga nan ƙasar ta cika da irinsa, sannan jirgin ƙasa ya zo ya kashe su. Wasu suka cike da shara, wasu aka bizne. A 1946 masu kishin abin suka kafa ƙungiya, 'yan sa kai suka riƙa fita ranakun hutu da shebur suna yashe tsofaffin hanyoyi. Kanal ɗin Kennet da Avon an sake buɗe shi a 1990 bayan shekaru yana kwance. Tun 2012 wata gidauniya ce ke kula da kimanin mil 2,000 na waɗannan hanyoyi a Ingila da Wales.

Afirka ta Yamma tana da nata tsohon labarin. Timbuktu ba a bakin kogin Neja take ba, tsohuwar tashar jiragenta ita ce Kabara, kimanin kilomita 8 kudu da birnin, wata mashiga ce ke haɗa ta da kogin idan ruwa ya cika. Ta nan matafiyi René Caillié ya sauka a 1828 bayan ya taso daga Djenné a jirgin kaya. Ta nan kuma Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya iso a watan Satumba na 1853, shekara biyu da rabi bayan zamansa a Kano, ya kuma ba da labarin yadda tufafin Kano ke kaiwa har Timbuktu. Da fari ya yi yawa, rairayi ya cike mashigar, jirage suka koma tsayawa a Korioumé. Libiya ta ba da kuɗi aka sake haƙa hanyar ruwan zuwa birnin wajen 2007, amma da aka rasa mai ci gaba da yasa, rairayi ya dawo wurinsa.

Kafin rikicin Mali na 2012, baƙi kan hau dogon kwalekwale mai rumfa daga Mopti, su yi kwana uku a ruwa zuwa Timbuktu, suna ratsa tafkin Débo, suna tsayawa a ƙauyukan masuntan Bozo da garin Niafunké, suna kwana a kan yashi. Matuƙa da masu dafa abinci da masu sayar da kifi duk sun ci daga wannan. Rashin tsaro ya tsayar da wannan tafiya cak. A ranar 7 ga Satumba, 2023, 'yan bindiga suka kai wa jirgin fasinja mai suna Tombouctou hari a kan kogin, mutane da dama suka rasa rayukansu.

To a gida fa?

Jihar Kano tana da kanal, babba ma kuwa. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ita ke tura ruwa ta babban kanal zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda shinkafa da tumatir da alkama ke fitowa da rani. An gina shi ne don ban ruwa, babu matakalar jirgi a kansa, gadojinsa da ƙofofinsa ba a yi su don kwalekwale ya wuce ba. Amma tunanin hutu a bakin ruwa yana cikin tsarin wancan zamani. An gina otal a bakin tafkin Bagauda, an gina wani a kan dutse a Tiga. Na Bagauda yanzu reshen makarantar horas da lauyoyi ta ƙasa ne.

Ruwan da ya fi kusa da mutumin Gezawa shi ne na Wasai, a ƙasar Minjibir maƙwabciya, inda aka datse kogin Jakara a 1976. Akwai masunta da kwalekwalensu, akwai masu lambu da injinan ban ruwa, salak da albasa da alayyafo na fita daga nan zuwa kasuwannin birni. Da sassafe, in belbelu suka jeru a gaɓa, wurin yana da kyan gani. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Jakara daga cikin tsohon birni take fitowa, ta gefen kasuwar Kurmi wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. A kan hanya tana kwasar ruwan kwatami na unguwanni da na mayanka, sannan rafin Getsi ya kawo mata na masana'antun Bompai. Masu bincike a Jami'ar Bayero da wasu jami'o'i sun sha auna ruwan suna samun dalma da kuromiyam da makamantansu. Wanda ba zai yarda ɗansa ya tsoma hannu a ruwa ba, ba zai biya kuɗi a zagaya da shi a kansa ba.

Akwai abin lura a nan game da dangantakar birni da karkarar da ke kewaye da shi. Ƙasar Gezawa na cikin yankin da ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, mutane sun yi yawa, gonaki sun matsu, amma ƙasa ba ta mutu ba. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana nazarin wannan yanki, ƙauyen Tumbau na cikin wuraren da shi da abokan aikinsa suka bibiya a shekarun 1990. Sirrin da suka nuna shi ne taki: kashin dabbobi, harawar wake da ta gyaɗa da ke komawa cikin tumaki da awaki, da tokar gida. A karkarar da ke daf da birni kuma jakai kan shiga da itace su fito da mangalar shara a zuba a gona. Dattin birni a bayan jaki arziki ne ga manomi. Dattin da birnin ke turowa ta Jakara a yau ya haɗa da abin da gona ba ta iya narkarwa. Gyaran Wasai daga Bompai da tsakiyar birni zai fara, da tace ruwan masana'anta kafin a sake shi, aikin da ya rataya a wuyan hukumomin muhalli na jiha da na tarayya.

Wanda ke son ganin tafiyar kwalekwale ta ƙauye zuwa ƙauye a kusa, sai ya bi titin nan na Haɗeja har ƙarshensa. Bayan garin Haɗeja kogin yana rarrabuwa cikin fadama, wani reshe mai suna Marma ya yi arewa maso gabas ya zuba a tafkin Nguru. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, su ne na farko a Najeriya. Ƙauyuka irin su Likori da Dabar Magini rayuwarsu a kan ruwan take: su, shinkafar fadama, kiwo, da fito. In ruwa ya cika, kwalekwale ne motar kasuwa, shi ne motar asibiti. Matuƙi na tsaye a baya da doguwar sanda, bado ya rufe gefe da gefe, kirinjijiya da ɗinya da zalɓe na tashi a gaba. Da hunturu tsuntsaye na zuwa daga Turai su yi watanni a nan. Saboda su ne Yarima Philip na Ingila ya ziyarci Dagona da ke wannan yanki a 1989.

Abin da rairayi ya yi wa Kabara, ciyawar kacalla na yi wa Marma. Kafin a gina Tiga da madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992, kogin cika yake yi da damina ya janye da rani, ƙasa ta bushe, ciyawar ruwa ta mutu. Da aka koma sakin ruwa duk shekara, kacalla ta samu wurin zama. Ta fi mutum tsawo, saiwarta na kama laka, laka na toshe hanya. Ruwan da ya rasa mafita sai ya malale cikin gonaki da gidaje a wani wuri, wani wurin kuma ya bushe ƙurmus. Jan baki na kwana a cikinta ya fito ya cinye shinkafa da gero, sauro na hayayyafa. Mutanen ƙauyuka kan yi gayya su shiga ruwa da lauje da adda su buɗe hanya, gwamnatoci ma sun kawo injinan yasa a lokuta daban-daban, amma ciyawar da aka yanke bana tana nan tafe baɗi. Aikin na kowace shekara ne, irin wanda Faransawa ke yi wa nasu kanal duk hunturu, kuma yana buƙatar kasafi tsayayye daga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da jihohin Jigawa da Yobe, tare da tsara sakin ruwa daga madatsun Kano yadda fadama za ta riƙa samun lokacin bushewa.

Sai maganar rai. Mutanen Kano ba su manta ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, lokacin da jirgin da ya ɗauko fasinjoji daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai ya kife a madatsar Watari. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Lodi ya wuce kima, rigunan ruwa babu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare, ta wajabta sa rigar ruwa, ta hana wuce adadin fasinja. Dokar tana nan a rubuce. A mashigar ƙauye kuwa wanda ake jin maganarsa shi ne sarkin ruwa da shugaban 'yan fito da mai unguwa, su ne za su iya cewa jirgi ya cika, saura su jira sawu na gaba.

Idan aka haɗa waɗannan misalai, sharuɗɗan a bayyane suke. Hanyar Midi ta rayu bayan kaya sun bar ta saboda akwai hukumar da ke yashe ta, akwai dokar gudu da ake bi, ruwan bai fi ƙarfin hanci ba, matafiyi kuma yana kwana a gaɓa hankalinsa kwance. Kabara ta rasa mai yasa, kogin Mali ya rasa tsaro, Wasai na fama da abin da birni ke zubo mata, Marma na kokawa da kacalla, Watari ta nuna abin da ganganci ke jawowa. Ba a buƙatar jirgi mai ɗakin kwana kafin a fara. Kwalekwale mai ƙwari da rumfar zana, rigar ruwa ga kowane fasinja, mashiga biyu ko uku da aka share aka sa wa benci da banɗaki da wurin salla, mata masu gasa karfasa da tarwaɗa, da saurayin da ya san sunan kowane tsuntsu, sun isa a ɗauki ɗaliban makarantun Kano da iyalai masu neman inda za su kai yara ranar hutu. Baƙon farko ba sai ya zo daga Turai ba, birnin Kano kaɗai yana da miliyoyin mutanen da ba su taɓa hawa ruwa ba.

Ga mai sauraro a Gezawa ko Jogana ko Tumbau da ke son gani da idonsa, lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da amfani ya shiga rumbu, ruwan fadama bai janye ba, tsuntsayen hunturu kuma sun sauka. A nemi matuƙi ta hannun sarkin ruwan wurin, a ƙirga mutane kafin a hau, a tambayi rigar ruwa musamman ga yara, a kuma tabbata an dawo gaɓa kafin la'asar sakaliya.